Filin Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Bitar aikin masu jinyar damuwa a lokacin tashin hankali

Wasiƙun wannan wata galibinsu daga ma'aikata suka fito, masu zama da mutanen da hari ko ambaliya ko rashi ya girgiza. Duk sun karkata ga abu ɗaya: zaman da ma'aikaci ke yi da wani ƙwararre da ya girme shi a aiki, su baje aikin a faifai su duba, wato zaman bita. Mun zaɓi shida, mun taƙaita tambayoyin, kuma mun cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin nazarin halayyar ɗan Adam ne a Zariya. Ina jin ana maganar jinya ta neman ma'anar rayuwa, kuma wai mai yin ta, ko ya shekara ashirin yana aiki, sai ya riƙa kai aikinsa gaban wani. Ashe takardar shaida ba ta isa ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya kafa wannan hanya, logoterafi, shi ne Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ɗan birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. An haife shi a 1905, ya rasu a 1997. Da yawa na zaton a sansanonin 'yan Nazi ya ƙirƙiro ta, alhali tun kafin yaƙi yake aiki da ita, a cibiyoyin ba matasa shawara kyauta da ya buɗe a Biyana, da kuma asibitin Steinhof inda ya kula da mata masu tunanin kashe kansu. An tsare shi daga 1942 zuwa 1945, a can ya rasa mahaifinsa da mahaifiyarsa da ɗan'uwansa da matarsa. A wajensa, babban abin da ke riƙe da mutum shi ne samun dalilin rayuwa, kuma ta ƙofa uku ake samunsa: abin da mutum ya aikata ko ya bayar, abin da ya ɗanɗana na ƙauna da kyau, sai kuma matsayin da ya ɗauka gaban wahalar da ba ta da makawa. Daga baya William Breitbart na asibitin ciwon daji na Memorial Sloan Kettering da ke New York ya tsara ta a zama takwas na rukuni, ko bakwai na mutum ɗaya, don masu ciwon dajin da ya yi nisa.

Batun kai aiki gaban wani kuwa, ba jarrabawa ba ce. Ƙungiyar masu ba da shawara da jinyar damuwa ta Birtaniya tana neman aƙalla awa ɗaya da rabi a kowane wata daga membobinta da ta tantance, komai daɗewarsu a aiki. Wata ƙwararriya a wannan fanni, Brigid Proctor, ta raba amfanin zaman gida uku: a tabbatar aikin na tafiya bisa ƙa'ida ba a cutar da kowa, a ƙara wa ma'aikaci ilimi, a kuma farfaɗo da shi. Mai wannan hanya ya fi kowa buƙatarsa, saboda kayan aikinsa tambaya ce, kuma abu ne mai sauƙi amsar da shi yake so ta ɓuya a cikin tambayar ba tare da ya lura ba. Sai wani na gefe ya saurara zai ji ta. Tsofaffin ma'aikata su suka fi zullewa, wanzami dai ba ya son jarfa.

Tambaya: Ni ma'aikaciya ce a Maiduguri. Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, gidanmu a Gwange yana cikin waɗanda ruwa ya ci. Har yau idan mace ta fara ba ni labarin daren, sai in ji ni ma ina cikin ruwan, hankalina ya tafi. Wani lokaci ina katse ta in kai maganar wani wuri. Mai duba aikina ta ce in daure. Me ya kamata a yi?

Amsa: Allah ya mayar da alheri, 'yar'uwa. Abin da kike ciki sananne ne. Akwai raunin da ma'aikaci ke kwasa daga yawan jin labaran wasu, wanda masana halayyar ɗan Adam Lisa McCann da Laurie Pearlman suka bayyana a 1990. Naki ya wuce nan, domin masifa ɗaya ce ta same ku da wadda ke gabanki. An yi rubutu sosai a kan irin wannan bayan harin 11 ga Satumba na 2001 a New York, lokacin da masu jinya da majinyata suka kasance 'yan unguwa ɗaya. "Ki daure" ba amsa ba ce, kuma da mai duba aikin muke magana a nan fiye da ke.

Abu na farko, a fara kowane zama da ke, minti goma, kafin a buɗe fayil ɗin kowa: barci awa nawa, ana cin abinci, ina kuke zaune yanzu, yara sun koma makaranta? Idan ma'aikaciya ba ta da wurin kwana tabbatacce, wannan shi ne batun zaman. Na biyu, a rarraba majinyata. Ki kawo jerin duk waɗanda kike gani, ki sa alama a kan waɗanda labarinsu ya yi kama da naki sosai. Waɗannan a miƙa su ga abokin aikin da ruwa bai taɓa gidansa ba, ko a rage su zuwa ɗaya ko biyu a yini, kada kuma a jera su a jere. Muna ba da shawarar hutun minti goma zuwa sha biyar tsakanin zama da zama, ki fita waje, ki sha ruwa, ki taka ƙasa.

Na uku shi ne katsewar da kike yi, kuma a nan aikin yake. Ki rubuta ainihin kalmar da matar ta faɗa daf da lokacin da hankalinki ya tafi. Sau da yawa abu guda ne ke maimaituwa: kukan yaro, ko duhu, ko ruwa ya kai ƙirji. Idan kin san shi, za ki ji zuwansa. Mai duba aiki ta zama majinyaciyar, ta faɗi wannan jimlar, ke kuma ki gwada tsayawa: ƙafa biyu a ƙasa, numfashi ya fita a hankali, ki maimaita wa matar kalmarta ta ƙarshe maimakon ki sauya zance. A gwada sau uku ko huɗu a zama ɗaya.

Sai tambayar da kowa ke yi: in gaya mata ni ma ya same ni? A gari irin Maiduguri wataƙila ma ta sani. Idan ta tambaya, jimla ɗaya ta gaskiya ta isa: "Eh, mu ma ya shiga mana, amma yau taki nake so in ji." Abin da ke ɓata aiki shi ne a wayi gari ita ke lallashin ki. Akwai kuma tarkon da ya keɓanta da masu bin hanyar Frankl. Saboda sun yarda cewa hidima ga wani tana ba rayuwa ma'ana, sai su mai da aikin maganin nasu ciwon, su ƙi hutu, su ce ai mutanen sun fi su buƙata. Mai duba aiki ta kula da ma'aikacin da ya fi kowa ƙwazo bayan masifa, ba wanda ya yi sanyi kaɗai ba.

Zaman bita ba jinya ba ne. Idan mafarkin ruwan da firgita da gudun wasu wurare sun wuce wata guda suna hana ki sukuni, ki nemi naki mai jinyar daban. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan a garinku.

Tambaya: An ɗora mini duba aikin ma'aikata shida a Gusau, masu zama da mutanen da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu. Ban taɓa yi ba. Zamanmu yakan ƙare a ƙorafin alawus da mota. Yaya ake tsara shi?

Amsa: Malam, ƙorafin alawus gaskiya ne, amma a ba shi nasa taron. Idan aka haɗa su, shi zai cinye lokacin kullum, domin ya fi sauƙin faɗa a kan "na rasa abin da zan ce wa matar nan."

Ka fara da yarjejeniya a rubuce, shafi ɗaya: rana da lokaci, abin da zai tsaya a ɗakin, da abin da dole ka kai gaba, wato haɗari ga ran majinyaci ko na wani, cin zarafin yaro, ko ma'aikaci ya keta ƙa'ida. Kowa ya sa hannu. Mutum shida daidai ne ga rukuni. Idan suka haura takwas, masu kunya ba za su yi magana ba. A lokacin da hare-hare suka yi zafi, muna ganin a yi zaman rukuni na minti 90 duk mako biyu, sannan kowa ya samu awa ɗaya shi kaɗai a wata. Sabon ma'aikaci kuwa duk mako, har wata ukun farko su wuce.

Minti 90 ɗin ga yadda za ka kasa su. Goma na farko kowa ya faɗi halin da ya zo da shi. Biyar na tambaya ɗaya tak: akwai wanda ke da majinyacin da ake tsoron zai cutar da kansa? Idan akwai, shi ne farko, komai jadawali. Sai batutuwa biyu, minti talatin kowanne. Mai kawo batu ya yi bayani a minti biyar, ya rufe da tambayar da yake so a taya shi, saboda "ga labarin" ba tambaya ba ce. Sauran su yi tambayoyin neman haske na minti biyar, ban da shawara. Daga nan mai batun ya ja kujera baya ya yi shiru minti goma yana jin yadda sauran ke tattaunawa. Wannan shirun ne ke da wuya, kuma shi ne ke hana zaman zama kare kai. Minti goman ƙarshe na batun ya dawo ya faɗi abin da ya ɗauka, a gwada jimlolin da zai faɗa a zama na gaba. Ragowar sha biyar na rubuta abin da aka yanke, wa zai yi me, zuwa yaushe.

Ka nace a kawo maganar kamar yadda aka yi ta. Ma'aikaci ya rubuta musanyar magana goma zuwa sha biyar da zarar an tashi, "na ce, ta ce." Idan ya ce "na taimaka mata ta gano ƙarfinta," ba ka ji komai ba. Idan ka ga ainihin abin da ya faɗa, nan za ka gane ko tambaya ya yi ko huɗuba.

Ga kowane batu, tambayoyi huɗu na hanyar Frankl suna da amfani. Mene ne a halin mutumin nan ba zai sauyu ba, mene ne kuma zai sauyu? Ina ɗan filin zaɓin da ya rage masa, komai ƙanƙantarsa? Wa ko me ke jiransa? Ma'anar da ake magana a kai, daga bakinsa ta fito ko daga bakin ma'aikaci? Ka kuma lura da abin da ke faruwa a ɗakin. Idan ma'aikaci ya kawo majinyacin da ya yanke ƙauna, sai ka ga rukunin duka ya mutu, kowa na duba waya, to yanayin can ne ya biyo shi. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Harold Searles, ya yi bayanin wannan tun 1955. Ka faɗe shi a fili, ka tambaya ko haka yake ji idan yana tare da mutumin.

Kai ma ka nemi wanda zai riƙa duba naka aikin, ko da sau ɗaya ne a wata. Cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙungiyar Red Cross ta duniya, tare da jami'ar Trinity ta Dublin, sun fitar da tsarin duba aiki don wuraren agaji, ana samunsa kyauta a intanet.

Tambaya: Wata mata da aka kashe mijinta a gabanta makonni uku kafin ta zo wurina. A zama na biyu na tambaye ta wane darasi take ganin wannan jarrabawa ta zo mata da shi. Ta ce "haka Allah ya so," ta yi godiya, ba ta sake dawowa ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malama, irin wannan batu shi ya fi zuwa zaman bita a lokacin rikici, kuma kin kyauta da kika kawo ainihin jimlar. Matsala biyu ce a cikinta.

Ta farko lokaci. Mako uku bayan kisa, jiki bai sauka ba, tana cikin takaba, wataƙila ba ta san inda abincin gobe zai fito ba. Ƙa'idojin agaji na 2007 da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin jinƙai suka amince da su sun jera taimako hawa huɗu: tsaro da buƙatun yau da kullum a ƙasa, sai dangi da jama'a, sai taimako na musamman daga ma'aikatan da aka horar, ƙwararru a can sama. A makonnin farko aikin shi ne a duba, a saurara, a haɗa mutum da abin da yake buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta hana a zaunar da wanda abin ya faru da shi a matsa masa ya kwashe labarin duka a zama ɗaya. Frankl da kansa ya nanata cewa wahala ba sharaɗin samun ma'ana ba ce, kuma idan ana iya kawar da sanadinta, kawar da shi ne abin yi. Yunwa da rashin matsuguni ana kawar da su, ba a nema musu ma'ana.

Ta biyu ita ce siffar tambayar. "Wane darasi" ta riga ta yanke cewa akwai darasi, ta kuma ɗora wa matar nauyin nemo shi. A kunnenta zai iya zama kamar ana cewa kisan yana da amfani. A wannan hanya ba a ba mutum ma'ana, ba a kuma neman ta a cikin ta'asar kanta. A martanin mutumin ake samun ta. "Haka Allah ya so" a nan ƙila imani ne, ƙila kuma hanya ce ta rufe ƙofa cikin ladabi, irin wadda kowa ya iya tun daga zaman makoki. Duk wanda ya zo gaisuwa ya riga ya ce mata ta yi haƙuri. Idan ke ma abin da za ki faɗa ke nan da wasu kalmomi, ba ta da dalilin dawowa.

A zaman bita, a sake gina wannan minti biyun. Ga misalin yadda zai iya tafiya. Ta ce ba ta barci. Ki ce, "To da asuba me ke tayar da ke daga shimfiɗa?" Ta ce, "Ƙaramin, sai an dama masa koko." Ki tsaya a nan. Wa ya koya masa shan koko da safe? Me babansa yake kiransa? Ba ki ambaci ma'ana ko darasi ba, amma ga wanda ke jiranta ya fito daga bakinta. Idan ita ta kawo addini, ki bi ta a inda ta tsaya, ki tambayi wace addu'a ce ke kwantar mata da hankali, ko kuwa sallar ma ta yi mata nauyi a kwanakin nan, abin da mutane ke jin kunyar faɗa. Fatawa kuwa ta malamai ce.

Kada ki bar ta haka. Ta hanyar da kuka amince tun farko, ki aika a gaishe ta, a ce ƙofa a buɗe take. Idan ta dawo, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. Gargaɗi ɗaya kuma: Frankl na da wata dabara ta sa mutum ya nemi abin da yake tsoro da gangan cikin raha, amma ta masu fargaba da waswasi ce. Ba a kusantar mai baƙin ciki mai tsanani ko mai tunanin mutuwa da ita.

Tambaya: Muna aiki da 'yan gudun hijira a yankin Maraɗi, mai duba aikinmu yana nesa. Ta waya ya halatta?

Amsa: Ya halatta, kuma ya fi babu nesa ba kusa ba. A tsayar da rana da awa, a ɗauke shi kamar zaman ido da ido: ɗaki a rufe, abin ji a kunne, ba a cikin mota ko gaban jama'a ba. Murya kaɗai ta isa idan sabis ba shi da ƙarfi. Kada a tura sunan majinyaci, ko hotonsa, ko sunan ƙauyensu a WhatsApp. A ba kowa lamba, a kuma sauya bayanan da za su sa a gane shi, domin a sansani "matar mai unguwar da aka sace 'ya'yanta biyu" suna ne. Waya tana ɓata, ana kuma ƙwace ta a hanya. Ba a naɗar muryar majinyaci sai da izininsa, a goge da zarar an saurara. Ku kuma shirya wa ranar da layi zai ɗauke, kamar yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021: ku riƙa zama ku uku ko huɗu da tsarin da muka bayyana wa mai tambaya daga Gusau, kuna karɓa-karɓar jagoranci, kuma kowa ya san asibiti mafi kusa da zai kai mai haɗari ba tare da jiran izini ba.

Tambaya: Mai duba aikina shi ne kuma shugabana, shi ke sa hannu a sabunta kwantiragina. Na gaji ƙwarai, amma ina tsoron faɗa. Ta yaya zan san gajiyar ta kai a tsaya?

Amsa: Tsoronka yana da tushe, ɗan'uwa, shi ya sa ake so a raba muƙaman biyu. Inda ba a da ma'aikatan da za a raba, a rubuta a yarjejeniya cewa abin da aka faɗa a zaman bita ba ya shiga takardar auna ƙwazo, sannan a ba ka damar ganin wani na waje ko da sau ɗaya ne a wata uku. Ka nemi wannan a matsayin tsari na kowa da kowa, ba a matsayin kukanka kai kaɗai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta siffanta ƙonewar ma'aikaci, wato matsananciyar gajiyar aiki, da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta nisanta daga aikin har mutum ya fara jin haushinsa, sannan aikin ya daina fita da kyau. Akwai ma'aunin ProQOL na Beth Hudnall Stamm, tambayoyi 30 kan kwanaki 30 da suka wuce, yana auna daɗin da kake ji a aikin, da ƙonewa, da raunin da ka kwaso daga labaran wasu. Ka cike shi duk wata uku ka kwatanta da na baya; ba ya gano cuta, alkibla yake nunawa. Ga masu wannan hanya akwai wata alamar: ka ji kana furta maganar dalilin rayuwa kamar karatun hadda, kai kanka ba ka yarda da ita ba. Wannan a kai shi zaman bita, a rage maka masu nauyi na mako huɗu zuwa shida, a sake dubawa. Amma idan ka fara manta alƙawarin majinyata, ko kana yi musu tsawa, ko sai ka sha wani abu kake barci, ko tunanin mutuwa ya fara zo maka, to ka dakatar da ganin mutane a wannan makon, ka miƙa su ga abokin aiki da takardar bayanin inda aka tsaya da kowanne, ka ga likita.